Yadda Za Ka Gyara Maus ɗin Kwamfuta Idan Ya Yi Nauyi

Idan mutum ya ce maus ɗinsa ba ya sauri, tambayar farko ita ce wane irin rashin sauri, domin ciwo uku ne ake kira da suna ɗaya. Akwai wanda kibiyar allo ke tafiya lafiya lau, ba tsalle ba tsayawa, sai dai sai ka share rabin tebur da hannu kafin ta ƙetare allo. Akwai wanda kibiyar ke tafiya tana maƙalewa, ta tsaya cak, sannan ta zabura ta faɗa inda ba ka aike ta ba. Akwai kuma wanda hannunka ya riga ya isa ya tsaya, ita kuwa tana baya tana biyo shi. Na farko kusan kullum saiti ne. Na biyu yawanci daga maus ɗin ne, ko abin da aka ɗora shi a kai, ko batir, ko hanyar da yake magana da kwamfuta. Na uku kuwa sau da yawa maus ba shi da laifi ko kaɗan, kwamfutar ce ta gaji. Wanda bai rarrabe waɗannan ba zai sayi sabon maus ya dawo gida ya tarar da matsalarsa tana nan tana jiransa.

Gwaji biyu kafin ka taɓa komai

Ka ari maus ɗin wani, zai fi kyau mai waya, ka jona a kwamfutarka. Sannan ka ɗauki naka ka jona a wata kwamfutar. Idan nauyin ya bi maus ɗinka zuwa can, ka san inda za ka nufa. Idan na aron ma ya yi nauyi a wurinka, to ka ajiye zargin maus, ka duba kwamfutar. Mai laftof yana da sauƙi, domin wurin shafawa na jikinta ya isa shaida: idan kibiya tana gudu da yatsa amma tana jan ƙafa da maus, maganar ta fito fili.

Gwaji na biyu shi ne ka sake kunna kwamfutar, amma ta hanyar Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup wanda ke sa Shut down ya adana wani ɓangare na abin da ke gudana don kwamfutar ta tashi da wuri, har da direbobin na'urori, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta iya magana da maus da sauran kayan da ke jikinta. Restart ne ke share komai ya fara daga tushe. Mutane da yawa suna kashe kwamfuta kullum da dare suna zaton ta huta, alhali direban da ya rikice yana kwana ya tashi a rikice.

Idan kibiya tana tafiya daidai amma a hankali

A Windows 11, ka buɗe Settings, ka shiga Bluetooth & devices, ka danna Mouse. Za ka ga ma'aunin Mouse pointer speed, daga 1 zuwa 20, kuma inda aka saba barinsa shi ne 10. A Windows 10 hanyar ita ce Settings, sai Devices, sai Mouse, ma'aunin kuma sunansa Cursor speed. An ƙara shi ne a sabuntawar 2020, don haka idan ba ka gan shi ba, tsohon zubi gare ka, sai ka bi ta tsohuwar hanya, wadda ni na fi so ma domin tana aiki a kowane Windows.

Tsohuwar hanyar ba ta buƙatar maus sam, abin da ke da amfani idan nauyin ya kai ga ba ka iya kai kibiya ko'ina. Ka danne maɓallin Windows tare da R, ɗan akwati zai fito, ka rubuta main.cpl ka buga Enter. Tagar Mouse Properties za ta buɗe. Ka riƙe Ctrl kana taɓa Tab har ka kai shafin Pointer Options. A sama akwai ma'auni tsakanin Slow da Fast mai gaɓa 11. Da maɓallin Tab za ka hau kansa, da kibiyar dama ta kibod za ka tura shi gaba, sannan Enter ya tabbatar.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da gaɓoɓin ke yi, domin mutane na tura ma'aunin har ƙarshe su ce sun gyara. Gaɓa ta 6, wato tsakiya, ita ce inda Windows ke karɓar motsin maus yadda ya zo: taku ɗaya na maus, ɗigo ɗaya a allo. A gaɓa ta 4 ana raba motsin biyu, shi ya sa idan yaro ko abokin aiki ya ja ma'aunin baya kaɗan sai ka ji kamar an ɗaura wa kibiyar dutse. A gaɓa ta 8 ana ninka shi biyu, a ta 11 kuma sau uku da rabi. Ninkawar nan ba ƙarin gani ba ne ga maus, tsallake ɗigo kawai kibiyar ke yi. Ga mai karanta labarai ba komai. Amma mai zanen katin biki, ko mai jan layi a Excel, ko mai yanke hoto, zai ga yana son ya tsaya kan gefen abu kibiyar tana wuce shi. Shawarata ita ce ka fara mayar da shi gaɓa ta 6, ka yi aiki na ɗan lokaci, idan bai ishe ka ba ka ƙara ɗaya ko biyu. Idan sai ka kai ƙarshe kake samun natsuwa, matsalar tana wani wuri, kuma za mu zo kanta yanzu.

Ƙarƙashin ma'aunin akwai ɗan akwati mai suna Enhance pointer precision. Idan yana kunne, nisan da kibiya ke ci ya danganta da saurin hannunka: ka fizga ta yi nisa, ka lallaɓa ta yi taku kaɗan-kaɗan. Mai aikin ofis da ƙaramin tebur yakan ji daɗinsa. Masu wasannin kwamfuta da masu zane sukan kashe shi don hannu ya saba da nisa ɗaya. Abin lura shi ne, wanda ya saba da shi a kunne, ranar da aka kashe masa zai rantse maus ɗin ya yi nauyi. Ka gwada duka biyun. A shafin dai, idan Display pointer trails yana kunne ka kashe shi, domin jelar da yake sa wa kibiya tana sa ido ya ga kamar tana makara.

Mai Mac zai shiga System Settings, ko System Preferences a zubin da ya gabaci Ventura na 2022, ya danna Mouse ya ja Tracking speed. Mai Ubuntu zai samu nasa a Settings ƙarƙashin Mouse & Touchpad. A Windows, wurin shafawa na laftof yana da nasa ma'aunin dabam a shafin Touchpad.

Maɓallin da ake dannawa ba a sani ba

Ka dubi bayan maus ɗinka, daidai ƙasan tayar da ake gungurawa. A da yawa daga cikinsu akwai wani ɗan maɓalli, wani an rubuta DPI a kai, wani ba a rubuta komai ba. Shi ke sauya yawan takun da maus ke ƙirgawa a kowane inci na tafiya, misali daga 800 zuwa 1200 zuwa 1600, sannan ya koma farko. Yatsa na iya faɗa masa a kan kuskure, musamman idan ana gaggawa, sai mutum ya ga kibiya ta rage gudu nan take ba dalili. Ka danna shi sau ɗaya ka motsa maus, ka sake dannawa ka motsa, har ka zagaya duka matakan ka tsaya a wanda ya yi maka.

Lissafin yana da sauƙi kuma yana bayyana abu da yawa. Allo mai faɗin ɗigo 1920, idan maus yana kan 800 kuma ma'auni yana tsakiya, sai hannu ya yi tafiyar kusan inci biyu da rabi, wato wajen santimita 6, kafin kibiya ta ƙetare daga gefe zuwa gefe. Ka jona maus ɗin nan a allon 4K mai faɗin 3840, tafiyar ta zama wajen santimita 12. Maus bai lalace ba, filin ne ya ƙaru. Shi ya sa wanda ya tashi daga tsohuwar laftof mai faɗin ɗigo 1366 ya koma babban allo, ko ya jona allo na biyu, yake jin nauyi. Maganin gaskiya a nan shi ne ƙara DPI, ba tura ma'aunin Windows har bango ba. Idan maus ɗin na Logitech ne ko Razer ko makamantansu, akwai manhajar kamfanin da ake saita wannan a ciki. Idan kuwa irin mai arha ne da ba shi da maɓallin, to a nan ƙara gaɓa biyu a Windows ya halatta.

Idan kibiya tana maƙalewa tana tsalle

Ka juya maus ɗin ka dubi cikinsa. Ramin nan da jan haske ke fitowa, akwai 'yar ƙaramar kyamara a ciki wadda ke ɗaukar hoton saman tebur sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, tana kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi don ta gane ina aka nufa. Silin gashi ɗaya ya gitta bakin ramin ya isa ya rikita ta. A lokacin hunturu, da ƙurar da ke shiga ko'ina, sai ka tarar da ramin ya yi fari fat, kuma wannan kaɗai na sa maus ya yi kamar zai mutu. Ka cire shi daga kwamfuta ko ka kashe shi, ka hura ramin, ka sa tsinken auduga busasshe ka share a hankali. Idan dattin ya kama, ka ɗan jiƙa audugar da sifirit, ba ruwa ba, ka bari ya bushe kafin ka kunna. Kada ka zura allura ko tsinken sakace, gilashin ciki roba ne kuma yana karcewa.

Ka shafa ƙananan santsin da ke liƙe a kusurwoyin ƙasan maus. Datti da gumin hannu sukan taru a gefensu su zama baƙin ƙullutu, sai maus ya riƙa cijewa a kan tebur. Da farce ake kankare shi. Idan ɗaya ya ɓamɓare, maus zai karkace, nisan kyamara da tebur ya sauya, gani ya ragu.

Sai abin da aka ɗora shi a kai. Kyamarar tana buƙatar ta ga ɗan kaushi ko zane da za ta bi. Gilashi, madubi, tebur mai sheƙi da farar tayil ba su ba ta abin kamawa. Katifa, bargo da cinya kuma ba su da daidaito. Gwajin nan take shi ne ka shimfiɗa takarda marar sheƙi ko bangon littafi ka ɗora maus a kai. Idan ya warware, ka nemi shimfiɗar maus ta yadi, ba ta da tsada. Akwai maus da aka ƙera don gilashi, kamar masu fasahar Darkfield ta Logitech da ta fito a 2009, amma na gama-gari ba sa iyawa. Wanda har yanzu ke da tsohon maus mai ƙwallo a ciki, sai ya murɗe murfin, ya fitar da ƙwallon, ya kankare dattin da ya naɗe sandunan da ke juyawa.

Mai waya ya bi wayar da yatsa, musamman inda ta shiga jikin maus da inda ta haɗu da kan USB, domin nan take karyewa ta ciki alhali robar waje lafiya. Ka lanƙwasa wurin a hankali kana motsa maus. Idan hasken ya ɗauke ya dawo, ko ka ji ƙarar cirewa da jonawa daga Windows, wayar ce. Ka gwada wani ramin USB ɗin kuma, kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta cikin abin rarraba ramuka ba. A kwamfutar tebur ramukan baya sun fi na gaba aminci.

Marar waya yana da nasa ciwon

Batir ne farkon abin zargi. Ba ya mutuwa lokaci ɗaya, sai ya fara da tsayawa-tsayawa, ko jinkirin farkawa bayan an bar shi ya huta. Ka sa sabo, kuma ka nemi alkalin, domin batiran rediyo masu arha suna saurin sauka suna kuma zubar da ruwa. Idan ka ga farin gari ko kore a kan ƙarfen da batir ke taɓawa, ka goge shi tas, tun da shi ma yana tare wuta.

Ɗan risiban da ake sokawa a USB yana magana da maus ne a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, zangon da Wi-Fi da Bluetooth su ma suke amfani da shi. Ƙari a kan haka, ramukan USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, suna fitar da hayaniya a daidai wannan zango idan ana aiki da su, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun 2012. Don haka idan filas ko faifan ajiya na waje yana soke kusa da risiban, kana kwafar fim kibiya tana rawa, ga dalilin nan. Ka mayar da risiban ɗaya gefen laftof ɗin, ko ramin USB 2.0. A kwamfutar tebur da ke ƙarƙashin tebur, akwatin ƙarfen kansa yana tare saƙon, sai ka sa 'yar gajeriyar wayar ƙarin tsawo ka fito da risiban sama kusa da maus. Ka kuma matsar da na'urar Wi-Fi da wayar da kake raba data da ita nesa kaɗan.

Na Bluetooth kuwa, ka cire shi daga jerin na'urori ka sake haɗawa. Idan kana sauraron sauti ta lasifikar Bluetooth a lokaci guda, kashe ta ka gani, domin hanya ɗaya suke rabawa. Sannan ka hana Windows kashe na'urar don tattalin wuta: danna maɓallin Start da hannun dama na maus, zaɓi Device Manager, buɗe Bluetooth, shiga Properties na adaftar, a shafin Power Management ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Haka za ka yi wa USB Root Hub a ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers idan mai risiba ne ko mai waya yake yawan barci.

Akwai wani abu da ya shafi masu laftof wanda ba kowa ke danganta shi da kibiya ba. Idan wurin shafawa yana aiki lafiya a kan batir, amma da zarar ka soka caja kibiya ta fara rawa ko nauyi, cajar ce. Caja marar inganci, ko soket marar waya ta uku mai sauke wuta ƙasa, ko wutar ƙaramin janareta da ba ta da tsafta, duk suna shigar da hayaniyar lantarki da ke rikita wurin shafawar. Zare cajar ka gwada. Idan ya daidaita, ka nemi caja ta asali, kuma kada ka ja lokaci, domin cajar da ke rikita kibiya ba alheri take yi wa sauran kayan ciki ba.

Idan kibiya tana biyo hannu a baya

Ka danne Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Dubi ginshiƙan CPU, Memory da Disk, wato injin kwamfuta, ram da faifan ajiya. Idan ɗaya yana manne a 100 ko kusa, ka danna kan ginshiƙin don abin da ya fi ci ya hau sama. Sau da yawa burauza ce mai shafuka ashirin a buɗe a kan ram 4GB, ko sabuntawar Windows da ke sauka a ɓoye, ko manhajar kariya tana bincike. Ka rufe abin da ba ka buƙata, ka bar sabuntawa ta gama. A shafin Startup na Task Manager ka kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba gaira ba dalili. Idan Disk ne kullum a cike kuma tsohon faifai mai juyawa gare ka, sauya shi da SSD, wato ma'ajiya marar juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri ga tsohuwar kwamfuta. Idan kuma nauyin yana zuwa ne bayan an ɗan jima ana aiki, fanka tana ihu, ƙasan laftof ya yi zafi, to injin ne ke rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A buɗe a share ƙurar fanka, a daina ɗora ta a kan katifa.

Allo ma na iya zama sanadi. Kibiya ba ta motsawa sai allo ya sabunta hoto, kuma abin da aka saba shi ne sau 60 a daƙiƙa. Idan ka jona talabijin ko allon 4K ta tsohon HDMI 1.4, yakan sauka zuwa 30, nan take kibiya ta yi nauyi a ido. Ka shiga Settings, System, Display, sai Advanced display, ka duba adadin. Idan 30 ne kuma babu 60 a zaɓi, ka rage girman hoton zuwa 1920 da 1080, ko ka nemi waya da rami masu HDMI 2.0. A talabijin ka kunna Game Mode, domin gyare-gyaren hoto da yake yi suna jinkirta abin da kake gani.

A Device Manager, buɗe Display adapters. Idan abin da ka gani shi ne Microsoft Basic Display Adapter, an sa wa kwamfutar Windows ba a sa direban hoto ba, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutocin da aka yi wa sabon zubi cikin gaggawa. Ka sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko na Intel, AMD ko Nvidia, gwargwadon abin da ke ciki. Direban maus kansa ba kasafai yake lalacewa ba, amma sabunta shi ba wuya: ƙarƙashin Mice and other pointing devices ka zaɓi maus ɗin, ka yi Uninstall device, ka zare shi ka mayar, Windows zai sake ɗora shi da kansa. Ina roƙonka ka guji manhajojin nan da ke alkawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. Da yawa tallace-tallace suke cusawa, wasu su ɗora direban da bai dace ba, ka shiga da ciwo ɗaya ka fito da uku.

Lokacin da ya kamata a sayi wani

Idan ka share ramin, ka sauya shimfiɗa, ka sa sabon batir, kuma maus ɗin yana yin halinsa a kwamfuta biyu daban-daban, kyamarar ko wayar ciki ta gaji. Maus na gama-gari bai kai a kai shi wurin mai gyara ba, sai dai idan mai tsada ne da za a iya sauya masa waya. Wajen saye, ka dubi girman allonka tukuna: 1000 zuwa 1600 DPI ya wadatar da allo mai 1920, mai 4K ko allo biyu ya nemi 1600 zuwa sama, kuma mai maɓallin sauyawa. Lambobi masu yawan sifili da ake bugawa a kwalin maus mai arha kada su ruɗe ka. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon buga takardu, inda hannaye da yawa ke taɓawa, mai waya ya fi, ba batir ba ɓatan risiba. Ka je da laftof ɗinka shagon idan da hali, ka jona a gaban mai kaya, ka zana da'ira a hankali da kibiya a kan takarda marar sheƙi, sannan ka fizga da sauri daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan da'irar ta fito da ƙaho-ƙaho, ko kibiyar ta ɓace a fizgar, ka ce a ba ka wani.